Anti Ba-Ya-Yi Ta Ajiye Waya

Ƙarfe bakwai da rabi na safe take isa shagon fotokwafin da ke ƙasan bene, sau da yawa mai shagon bai ma gama share ƙofa ba. Teburinta yana can kusurwa, tsakanin injin buga takardu da wata taga da ba ta rufuwa sai an tokare ta da kwali. Ba wani abin a zo a gani a kansa: wayoyi biyu, ɗaya ta tsage a gefe, da tsohuwar kwamfuta wadda haruffan madannanta suka goge saboda bugu, sai littafi mai bangon roba. Takan rataye jaka a ƙusa, ta jona wayoyin a caji, ta goge tabarau da gefen mayafi, sannan ta fara da saƙonnin da suka kwana suna jiranta. Wata na neman mai gyaran firji, wani na tambayar ko kafintan da aka sa hotonsa jiya yana zuwa aiki gida, wani kuma gaisuwa ce kawai ya aiko don ya ga ko za a kula shi. Duk sai ta amsa su ɗaya bayan ɗaya kafin ta taɓa sabon aiki.

Wajen ƙarfe tara sai ta fita. A ƙafa take bin shagunan masu sana'a, domin ta ce hasken safe ne ke nuna aiki yadda yake. Ba ta ɗaukar hoton mutum ya harɗe hannu a ƙirji yana washe baki. Hannunsa take ɗauka yana tsakiyar aiki. Ta kifa kujera ta ɗauki ƙarƙashinta, ta birkice riga ta ɗauki cikin ɗinkin. Sai ta samu benci ko bokitin fenti ta zauna, ta yi ta jan mutum da tambaya har ya manta cewa rubutawa take yi. In rana ta take ta dawo teburinta ta tsara labarin, ta wallafa shi a shafinta na intanet lokacin da ma'aikata suka samu sararin duba waya, sannan ta yanko gajeren bayani da hoto ɗaya ta watsa a kafafen sada zumunta, mai son ƙari ya biyo ya karanta. Mutum ɗaya a rana, ba ta ƙarawa.

Haka ta yi shekara goma sha uku, ba ofis, ba ubangida, ba albashi, sai ɗan ladan rubutu da masu sana'a ke ba ta. Asabar ɗin da ta wuce ta ajiye aikin. Likitan ido ne ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: ko ta rabu da hasken waya, ko idon ya rabu da ita. Dalilin wannan jinjina ke nan, tun tana jin abin da ake faɗa a kanta. Ba kowa ya san ainihin sunanta ba, masu sana'a Anti Ba-Ya-Yi suke ce mata. Teloli, kafintoci, masu walda, masu gyaran waya da takalmi, ɗaruruwansu sun shiga shafin nan sun fito da ciniki. Mutum ɗaya ne bai taɓa shiga ba, kuma shi ne ya fi kowa bukata: ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, mai aikin tayil, wanda a gida ake kira Auta. Shekara takwas suna gaisawa sama-sama saboda layi ɗaya na rubutu, kuma da ranar rufe shafin ta matso, abin da ke cin ranta shi ne ko za ta rufe shi ƙaninta na waje.

Kafin a kai ga Auta, sai an san layin. Da can ita mai buga takardu ce a wani kamfani. Kamfanin ya durƙushe, aka sallame su, ta dawo gida da saurin yatsu da kuma waya. Ta ga mutane sun koma neman komai a waya, alhali maƙwabtanta masu sana'a suna zaune a bakin shago suna korar ƙuda, sai ta buɗe shafi ta fara rubuta su. A farkon nan yadda kowa ke talla haka take yi. Duk wanda ta rubuta gwani ne, duk aiki ya iya, ba na biyunsa. Cikin na farko-farko akwai wata tela maƙwabciyarta, mai hannun ɗinkin kayan mata da na yara. Ta rubuta a kanta cewa ƙwararriya ce a kowane irin ɗinki.

Wani bawan Allah ya karanta ya gaskata. Ya ɗauko yadi mai tsada ya kai wa telar, ya ce kwat yake so, zai sa ya je ganawar neman aiki. Telar ba ta taɓa yanka kwat ba a rayuwarta, amma ta karɓa. Kwat ta fito kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, hannun dama ya rufe yatsu, na hagu ya tsaya a agogo. Mutumin bai yi faɗa ba. Sawa ya yi, ya ɗauki hoton kansa, ya liƙa a ƙarƙashin rubutun nata, ya rubuta: "Ga kowane irin ɗinki." Kafin yamma mutanen da ba su taɓa sanin da shafin ba sun zo sun yi dariya sun tafi.

Ta tafi shagon telar ranta a ɓace.

"Haba, maƙwabciya! Tunda ba ki iya kwat ba, me ya hana ki ce masa ba ki iya ba?"

Telar ta tsayar da keke ta ɗago kai. "Ni na ce na iya? Ke kika ce. Mutum ya shigo da waya a hannu yana nuna mini abin da kika rubuta, sai in ce masa ƙarya kika yi? Kunyarki na ji."

Maganar nan ta tsaya mata a rai. Ta koma ta ba mutumin haƙuri a fili, a ƙarƙashin hoton nasa, ba ta goge komai ba. Washegari ta sake rubuta telar daga farko, kuma a ƙarshe ta ƙara layi ɗaya: "Abin da ba ta yi: ba ta ɗinka kwat, ba ta ɗinka kayan maza." Tun daga ranar ba ta sake wallafa kowa ba sai da wannan layi a ƙasa, mace ko namiji, babba ko yaro. In ta gama tambayoyinta duka, sai ta rufe littafi ta dubi mutum ta ce, "To, saura ɗaya. Me ba ka yi?" Daga nan sunan ya samo asali, kuma da farko ba don yabo aka laƙaba mata shi ba.

Mai gyaran firjin da ke bayan tashar mota har yau yana ba da labarin ranar da ta zo masa. Ya ce da ta yi tambayar sai ya ji kamar ta zuba masa ruwan sanyi.

"Anti, talla na kira ki ki yi mini, ko tonon asiri?"

"Talla. Injin wanki fa, kana gyarawa?"

"Ina taɓawa."

"Taɓawa na tambaye ka? Na ga guda biyu can bayan shago, ƙura ta rufe su. Tun yaushe suke nan?"

Ya sosa ƙeya ya ce sun kwana biyu. Ta rubuta cewa ba ya gyaran injin wanki, ta ƙara da lambar wani da ke gyarawa a can wata unguwa. Ya kwana yana ƙunƙuni, wai ta kai wa wani cinikinsa a kan ladan da shi ya biya. Ba a yi mako ba wata mata ta sauke firji a ƙofar shagonsa, ta ce, "Na ga an rubuta ba ka gyaran injin wanki, shi ya sa na yarda kana gyaran firji." Shi kuma mai injin wankin, da ya ga ana kiransa ta dalilin mai firji, sai ya fara turo masa duk wanda firjinsa ya daina sanyi. Yau shekara tara ke nan suna wannan musaya, kuma sai bara suka taɓa ganin fuskar juna.

Ba layin kaɗai ya gina shafin ba, akwai wahala a ciki wadda ba a gani. Takan sa mai sana'a ya ba da shawara kyauta: yadda za ka gane katako ya bushe kafin ka saya, abin da za ka duba kafin ka kira mai famfo, dalilin da ya sa takalmi ke cinyewa ta gefe ɗaya. Masu sana'ar kan ce ai wannan koya wa mutane guje musu ne, ita kuwa ta ce wanda ka taimaka wa da ƙaramin abu kai zai nema ran babba. Kan rubutunta ma ba ta ƙawata shi. Kalmomin da mutum zai buga a waya in bututu ya fashe masa su take sawa, don in ya nema ya same ta. In wani ya yi ƙorafi a ƙarƙashin rubutu ba ta gogewa. Wayar take ɗauka ta tafi har shagon wanda aka yi ƙorafin a kansa, ta karanta masa da babbar murya, ta tsaya har ya faɗi yadda zai gyara, ta rubuta amsar a gabansa. Mai shagon fotokwafi ya shaida ranar da wani ɗan gayu ya zo da tayin sayar mata da mabiya dubu ashirin a dare ɗaya, wai shafi sai da jama'a. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Cikin dubu ashirin ɗin nan akwai wanda rufin ɗakinsa ke yoyo?" Ya ce ai ba mutane ba ne na gaske. Ta ce to ita kafintanta mutum ne na gaske, kuma yana da iyali.

Ke ce, Anti, kika mayar da "ban iya ba" maganar da mai sana'a zai faɗa kansa a ɗage. Ke ce mai tafiyar ƙafa a rana don hoton ƙarƙashin kujera. Akwai tela da ta ƙara keke biyu ta dalilinki, akwai mai walda da ya bar bakin titi ya kama shago mai ƙofa, akwai masu gida da yawa da suka daina fargabar kiran ma'aikaci. Ba ki taɓa sa hotonki a shafin ba, har wasu na zaton namiji ne ke rubutawa. Kina da taurin kai, wannan kowa ya sani, kuma ba don a ɓata miki ake faɗa ba. Sai dai taurin kan nan a gida ya fi yin tsada.

Auta ita ta goya shi. Ita ce ma ta kama hannunsa ta kai shi koyon tayil lokacin da karatu ya ƙi shi. Kuma ya iya. In ya shimfiɗa tayil a ƙasa, ka zuba ruwa a tsakar ɗakin sai ya tsaya ya rasa inda zai gangara. Matsalar a bango take. Daga ƙasa zuwa daidai kafaɗa aikinsa tsaf yake, amma daga nan zuwa sama sai layi ya fara karkacewa, sumunti ya yi kauri nan ya yi kaɗan can. Da idonta ta gani a gidaje biyu, kuma a ɗayan tayil uku sun ɓallo daga saman bangon banɗaki, Allah ya sa ba kowa a ciki.

Shekara takwas da suka wuce ya same ta a teburinta, ya ce yana so ta sa shi. Ta yi murna sosai. Ta bi shi wurin aiki, ta ɗauki hotuna, ta cika shafi uku na littafinta. Da aka zo tambayar ƙarshe ba ta ma yi ta ba, tunda a ganinta ta san amsa. Ta ce, "A ƙasa zan rubuta ba ka aikin bango mai tsawo."

"A'a, Yaya. Rabin aikin tayil bango ne. In kika rubuta haka wa zai kira ni?"

"Masu ƙasa za su kira ka."

"Ki rubuta duk aikin tayil kawai. Ni fa ƙaninki ne."

"Shi ya sa. In na yi wa baƙo ƙarya a kanka, ranar da tayil ya faɗo wa ɗan wani a ka, sunanmu biyu za a kira."

Ya miƙe ya kaɗe wandonsa. "Shi ke nan. Ki riƙe shafinki."

Tun daga ranar sai gaisuwa. In sun haɗu a gidan mahaifiyarsu, ya ce "Yaya, ina wuni," ta ce "Lafiya, Auta, ya yara," shi ke nan kowa ya kama kallon wani wuri. Tsohuwar ta yi iya yinta. Ta ce, "Ke dai kin cika ƙa'ida. Rubuta masa mana, ai baƙi ne ke karantawa." Anti ta ce, "Inna, baƙin ne za su yi wanka a ƙarƙashin bangon." Tsohuwar ta ce Allah ya shirye su su biyun.

A shekarun nan aiki ya yi ta janye wa Auta. Masu gini sun koma neman ma'aikaci a waya, shi kuwa ba ya cikin waya. Ya koma zaman jira a bakin shagon kayan gini, wata rana a samu, wata rana a dawo haka. Matarsa ta taɓa zuwa a ɓoye ta zauna gefen teburin, ba ta roƙi komai ba, ta dai ce yaran sun girma, ɗaki ya yi musu kaɗan. Anti ta ji zafin wannan magana ƙwarai. Tana tallata mutanen da ba ta haɗa komai da su ba, ƙaninta na zaune a rana. Sau da yawa ta buɗe shafuka ukun nan na littafinta ta karanta ta rufe. Ta aika masa sau biyu cewa ƙofa a buɗe take in ya yarda da layin, bai amsa ba.

Da likita ya yanke hukunci, sai ta sanar a shafi cewa rubutun Asabar shi ne na ƙarshe. Saƙonni suka yi ta shigowa, kowa na son ya zama shi ne na rufewa. Ta cika Litinin zuwa Juma'a, ta bar Asabar ba kowa. Mai shagon fotokwafi ya tambaye ta wa ta ajiye wa, ta ce masa ya ji da injinsa.

Ranar Asabar ta zo kamar kullum, ta amsa saƙonni, amma ba ta fita ba. Ta buɗe littafin ta fara buga labarin Auta, tana kanne ido tana matso da fuska kusa da kwamfuta. Ta kai ƙarshe ta tsaya. Mai shagon ya ce ya ga ta ɗora yatsu ta ɗauke ya fi sau biyar. Ita da bakinta ta faɗa daga baya cewa ta yi niyyar wallafawa haka nan ba layin. Ai rana ce ta ƙarshe, gobe ba wanda zai zo ya tuhume ta, ƙaninta kuma zai samu aiki. Abin da ya riƙe hannunta shi ne tunanin bangon banɗakin nan.

Tana cikin haka, wajen sha ɗaya, sai ga Auta a ƙofa, gwiwoyin wandonsa fari fat da busasshen sumunti. Ya gaida mai shago, ya jawo kujerar roba ya zauna gefenta.

"An ce yau kike rufewa."

"Yau ne."

"Idon fa?"

"Da sauƙi."

Sai ya ce, "Yaya, kowa kina tambayarsa me ba ya yi. Ni ba ki tambaye ni ba. Gaya mini kika yi."

Ta buɗe baki za ta musa, sai ta tuna. Gaskiya ya faɗa. Ta cire tabarau ta ajiye, ta juyo da kujerarta ta fuskance shi. "To, Auta. Me ba ka yi?"

"Ba na hawa tsani."

Ya ba ta labarin a taƙaice, ba tare da ya dube ta ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, yana aiki a wani bene, tsani ya zame da shi daga hawa na biyu. Ya faɗo kan tulin yashi, ko ƙwarzane bai yi ba, abokan aiki suka yi dariya, shi ma ya yi, ya kaɗe jiki ya koma. Bai gaya wa kowa a gida ba, har matarsa. Amma tun daga ranar, da ƙafarsa ta bar ƙasa ta taka mataki na uku, sai hannunsa ya kama rawa, gumi ya keto masa, ba abin da yake so sai ya sauko. Shi ya sa yake liƙa na sama cikin gaggawa.

"Ba rashin iyawa ba ne, Yaya. Tsoro ne. Ƙato da ni, mai 'ya'ya huɗu, in ce ina tsoron tsani? Gara a ce ban iya ba. To wannan ɗin ma na kasa yarda a rubuta."

Ita da ta shekara goma sha uku tana zaƙulo gaskiya daga bakin baƙi, shekara takwas tana kallon karkataccen bangon ƙaninta ba ta taɓa cewa "me ya sa" ba. Kunya ta kama ta, tausayi kuma ya rufe ta. Ta ce, "Ka yafe mini, Auta. Aikin na duba, ban dube ka ba." Ya ce ba komai, ai shi ya ɓoye.

Ta mayar da tabarau za ta buga, amma idon ya cika da ruwa, haruffan suka haɗe mata. Ta ce, "Bari in sa 'ba ya aikin sama' kawai. Ba sai an faɗi dalili ba."

"A'a. Matso."

Ya jawo kwamfutar gabansa. Bai saba ba, da yatsa ɗaya yake nema, ga haruffan sun goge, sai ta riƙa nuna masa inda kowanne yake. Ya ɗauki lokaci kafin ya gama. Abin da ya rubuta shi ne: "Abin da ba ya yi: ba ya hawa tsani, ya taɓa faɗowa. Iyakarsa inda hannunsa ya kai yana tsaye a ƙasa." Sannan ya ciro wayarsa ya nemo lambar wani mai tayil da suka daɗe suna gasa, ya ce ta karanto masa, ya buga ta a ƙasa don masu dogon bango. Shi ya danna aka wallafa.

Ba za a ce duniya ta girgiza ba. Zuwa Litinin mutum uku suka kira shi. Biyu tambaya kawai suka yi, na ukun yana gina ɗakin ajiyar kaya mai faɗin gaske, ƙasa zalla, kuma can Auta yake durƙushe tun ranar Laraba. A ƙarƙashin rubutun, wani mai fenti ya rubuta cewa shi ma haka yake fama, shekara shida bai gaya wa kowa ba. Wani mai gyaran wuta ya ce shi ma. Tsohuwa kuwa da aka karanta mata, sai ta kira Auta ta yi masa faɗan ɓoye mata faɗuwar, kamar jiya abin ya faru.

Mun gode, Anti. Mun gode da tafiyar ƙafa, da idon da kika ƙarar a kan aikin wasu, da haƙurin da kika ba mai kwat a bainar jama'a, da wanda kika ba ƙaninki a kusurwar shago. Shafin yana nan a buɗe ga mai son karantawa, ko da ba za a ƙara masa komai ba. Masu tasowa a wannan sana'a ta tallata aiki a waya, ku da kuka fi ta sabbin na'urori da saurin hannu, ku je ku karanta ku ga yadda ake yi. Ku taka da ƙafarku ku ga aikin kafin ku yabe shi, ku amsa wa mai tambaya, ku bar ƙorafi a inda aka rubuta shi. Ku tambayi mai sana'a abin da ba ya yi, kuma in ya yi shiru ku jira, kada ku amsa masa, ko da kun goya shi.

Allah ya ba ki lafiyar ido, ya sa hutun ya karɓe ki. An ba ki magani na ɗigawa safe da yamma, kuma an ce in kin ɗiga da kanki rabinsa a kumatu yake ƙarewa. Yanzu Auta ne ke biyowa da safe kafin ya wuce wurin aiki. Ya wanke hannu, ya ce "Yaya, ɗaga kai," ya ɗiga miki ɗaya a dama ɗaya a hagu. Hannunsa ba ya rawa, tunda a ƙasa yake tsaye.